Sarkin Laka

A hawa na goma sha bakwai babu carar zakara, babu ƙarar taɓarya, babu mai sallama a ƙofa. Abin da kunnena yake ji tun asuba gurnanin na'urar sanyaya ɗaki ne, sai jiniyar motar asibiti can ƙasa a kan titin Cheras. Lokacin da na zo ƙasar nan ba ka iya tsallaka titin don motoci, yanzu kuwa ko akuya ce ta kwanta a tsakiyarsa sai ta yi barcinta ta more. Aikin ido ne ya kawo ni Kuala Lumpur. 'Yata da ke karatun digiri na uku ta nace sai na zo an cire mini yanar da ta rufe idon dama. Aka cire, na fara ganin duniya tangaran, sai aka rufe duniyar. An ce annoba ce, kowa ya zauna inda yake. Jirgi ba ya tashi, masallaci a kulle, mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida, shi ne surukina. Yaro ne mai kirki, amma ɗaki biyu da falo sun yi mana kaɗan ni da shi. In na fito zan shiga bayi sai ya miƙe tsaye, ni kuma kunya ta kama ni in koma ɗaki in matse. Ni da na yi shekara talatin da 'yan kai ina tuƙa babbar mota, ban cika kwana uku a gari ɗaya ba, yau tafiyata mafi nisa daga kujera ce zuwa taga.

A ƙarƙashin tagar akwai wani makeken lambatu na siminti. Da la'asar hadari yakan haɗo, a tafka ruwa, lambatun ya cika ya batse, kafin magariba ya janye ya bar laka da robobi. Shi nake zama ina kallo. Yana tuna mini da wani ruwa da na taɓa rainawa, da kuma yayana, wanda aka bugo daga Yauri a sati na biyu da kulle aka ce ƙafafunsa sun kumbura, ko zaure ya daina fita. Duk garinmu ba a kiran Yaya da sunansa na yanka. Sarkin Laka ake ce masa, gidansa gidan Sarkin Laka, jikokinsa ma da shi ake tsokanarsu a makaranta. Sunan nan nawa ne, shi ya ɗauka ya yafa fiye da shekara hamsin. Na daɗe da niyyar wata rana zan durƙusa a gabansa, a gaban 'ya'yansa, in faɗi gaskiya in nemi gafara. Kullum sai in ce sai na dawo daga wannan tafiyar.

Yaran yanzu in ka ce musu albasa ta taɓa zuwa Kudu ta ruwa, sai su ɗauka tatsuniya kake yi. Kafin a datse kogi, kafin kwalta ta kashe jirage, da zarar an shiga ɗari an haƙe albasar farko, sai jirage su jeru a bakin ruwa. Namu ƙarami ne, na katako, da rumfar tabarma a tsakiya da murhu a kan yashi a cikin wani tsohon daro. Mu biyu muke cikinsa. Yaya yana baya da babban filafili, shi ke riƙe da kan jirgi, ni ina gaba da gora. Shekaruna ba su wuce goma sha bakwai ba, ya girme ni da takwas. Aikina ne in tashi da asuba in kwarfe ruwan da ya tsatso, da ƙoƙo, yatsuna suna ƙagewa don sanyi, in hura wuta, in dama kunu, in juya buhunan da ke ƙasa su koma sama don su sha iska. Har yau in na rufe ido ina jin sautin nan: ɗigar ruwa daga filafili, kukan katako in jirgi ya juya, tarin mutanen jirgin da ke gabanmu a cikin tururin da ke tashi daga kan ruwa da sassafe, ba ka ganinsu sai muryarsu. Wani ya ɗaga murya ya ce, “Kun kwana lafiya?” a amsa masa daga wurare biyar. A nan Cheras wata uku na yi ban san fuskar mutumin da bangonmu ɗaya ba, sai ƙamshin miyarsa.

Babanmu ba mai yawan magana ba ne. Ya sha faɗa mini cewa jirgi ba ya son mai surutu da mai gaggawa, ni kuwa na haɗa biyun. Ranar da za mu tashi, karon farko ke nan da ya bar wa Yaya jirgin, ya tsaya a bakin ruwa ya ce, “In kun je ruwan da ba ku sani ba, ku dubi yadda masu shi suke ɗaure jirginsu, ku ɗaure haka.” Na ce to, a raina kuwa ina cewa ruwa ai ruwa ne. Mu da aka haifa a bakin Kwara, wa zai koya mana ɗaurin jirgi?

Mun wuce duwatsun Busa lafiya, muka wuce Lakwaja, muka isa Anacha muka tarar albasa ta cika kasuwa har ana taka ta. Sauran jirage suka sauke a haka suka juya. Yaya ya ji labarin cewa can gaba, wajen bakin teku, ba su ga albasa ba tukuna, sai ya ce mu ƙarasa. Daga nan kogi ya fara rarrabuwa, ya zama hanyoyi barkatai, wannan ta shiga waccan. Gaɓa ta ɓace. Babu yashi, babu tudu, sai wasu itatuwa da suke tsaye a kan saiwoyinsu a cikin ruwa kamar ƙafafun gizo-gizo. Ruwan ya koma zartsi, in ka kurɓa sai ka tofar. Sanyin can ba irin namu ba ne mai fasa leɓe, mai laima ne, ya shiga bargo ya zauna. A kwana na uku zazzaɓi ya kayar da Yaya, ya kwanta a ƙarƙashin rumfa yana rawar ɗari, tuƙi ya dawo hannuna.

Da la'asar muka iso wani sansanin masunta, bukkoki ne kamar shida a kan turaku. Yaya ya ɗago kai da ƙyar ya ce, “Ka ɗaure inda suka ɗaure nasu.” Ya koma ya lulluɓa. Na duba inda suka ɗaure nasu. A fili suke, tsakiyar iska, kowanne da igiya doguwa sakaka, suna ta yawo suna gwara kai. Na yi dariya ni kaɗai, na ce mutanen nan ko ɗaurin jirgi ba su iya ba. A gefe kuwa ga wani lungu mai kyau, ruwa ya cika shi taf, lumui, babu iska ko kaɗan. Na ce ga inda marar lafiya zai yi barci. Na kafa gora na tura jirgin can ciki, na ƙara turawa har ganye yana shafar rumfa, na ɗaure shi tamau da gajeriyar igiya yadda muke yi a gida. Wata tsohuwa a bakin bukka tana ɗago mini hannu tana magana da yarensu. Na ɗauka gaisuwa ce, na ɗaga mata hannu ni ma.

Da gari ya waye babu ruwa. Ban san yadda zan faɗa wa wanda bai gani ba. A wurinmu kogi yana cika da damina ya ragu da rani, a hankali, cikin watanni, kana ganinsa. Ban taɓa jin cewa akwai ruwan da yake tafiya ya dawo sau biyu a yini ba. Jirginmu yana zaune a kan baƙar laka mai wari, ƙaguwa suna yawo a gindinsa, ruwan yana can nesa inda jiragen masuntan suke lilo abinsu. Na dira da niyyar turawa, na nutse har ƙugu, da ƙyar na kamo bakin jirgi na hau. Da yamma ruwan ya dawo, na yi murna, ya zo ya lashi gindin jirgin, ya tsaya, ya juya. Saura kamar taƙi ɗaya ya ɗaga mu. Washegari ya makara, kuma bai kai inda ya kai jiya ba. Ashe a ranar da ruwan ya fi cika a wata na tura mu ciki, daga nan kuma raguwa zai yi ta yi.

Tsohuwar nan ce ta zo a wani ɗan kwale-kwale, ta tsaya iyakar inda ruwa ya tsaya. Ta dube ni ta girgiza kai, na gane ba gaisuwa ta yi mini ba rannan. Ta nuna sama, ta zana ɗan siririn baka da yatsa, ta nuna ruwa ta ɗaga tafin hannunta a hankali. Yaya, da zazzaɓin ya fara sakinsa, ya ce, “Ta ce sai jinjirin wata.” Ranar sha shida ga wata. Kaina ya ɗau zafi. Na zagi lakar, na zagi itatuwan, na cusa gora a ƙarƙashin jirgin ina danna ta da dukan ƙarfina har na ji katako ya yi ƙara. Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Sauke gorar nan. In ka fasa shi, ko ruwan ya zo ba inda za mu.” Ya sa na yanko masa wani miƙaƙƙen reshe, ya kafa a laka a gefen jirgi. Kullum in ruwa ya zo ya tsaya, sai ya miƙa hannu ya yi wa reshen tsaga da wuƙa daidai inda ya kai.

Kwana goma sha huɗu muka yi. Mazan sansanin sun gwada ja mana sau ɗaya, lakar ta riƙe jirgin, suka yi dariyarsu suka tafi kamun kifi. Tsohuwar tana kawo mana ruwan sha a tulu da ɗan kifi, mu ba ta albasa. Babu tudun da za a shanya kaya, laima ta shiga buhunan, albasa ta fara tsiro, ta fara ruwa, ta ruɓe. Muna zubarwa buhu-buhu, warin yana dawo mana. Ƙananan ƙwari suna cizonmu har fuskata ta kumbura. Salla a zaune muke yi, in ɗaya ya miƙe ƙafa sai ɗaya ya tanƙwashe tasa. Sati guda tsagar tana yin ƙasa, ni kuwa na daina magana. Yaya ne yake ta hira. Ya koya mini kama ƙaguwa da zare, ya ɗinke mini rigata, ya ba ni labarin yarinyar da yake so a tsallaken kogi, wadda ko Inna ba ta san da ita ba. Ko sau ɗaya bai ce ai na gaya maka ba. Ranar da tsagar ta fara hawa ya nuna mini da bakin wuƙa, ya ce, “Ka gani? Ruwan da ya ajiye mu shi zai zo ya ɗauke mu.” Da la'asar ɗin kwana na goma sha huɗu na ji jirgin ya motsa a ƙarƙashina, na fashe da kuka, Yaya ya tuge reshensa ya jefa cikin jirgi.

Mun koma gida da jirgi wayam, albasar gidaje uku ta tafi a laka. Baba ya tara mu a zaure, maƙwabtan da suka ba da kayansu suna zaune. Ya ce, “Wa ya ɗaure jirgin?” Bakina ya buɗe, Allah ya sani ya buɗe, amma Yaya ya riga ni. Ya ce, “Ni ne.” Na yi shiru, kuma wannan shirun shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata. Baba ya miƙa hannu ya karɓi babban filafilin, ya ba wa ɗan ƙanensa. Yaya bai ƙara riƙe kan jirgi ba. Kafin sati ya zagayo an raɗa masa suna a bakin ruwa. Yarinyar tsallaken kogi ma iyayenta suka ce ba sa ba wa wanda ya shuka albasa a laka. Ya zauna yana noma, ya auri wata, ya tsufa da sunan, in an kira shi ya amsa da fara'a. Ni kuwa na bi mota, na yi gida a birni, na je Makka, 'ya'yana suka yi karatu. Na yi masa rufin kwano, na kai shi Makka shi ma, na yi masa komai ban da abu ɗaya da ya kamata.

Duk wannan na kwashe na faɗa wa 'yata wata rana da ta same ni a bakin taga, tana riƙe da kofin shayi, bayan an sake bugowa an ce Yaya ya daina cin abinci sai kunu. Ita ce mutum na farko da na taɓa faɗa wa. Ta ajiye kofin ta ɗauko waya.

Ta ce, “Baba, bari in kira su a bidiyo yanzu. Safiya ce a can, duk suna gida.”

Na ce, “Ajiye. Ba a neman gafarar babba ta gilashi. Zan je da ƙafata in durƙusa.”

“Da wane jirgin, Baba? Ko jiya sun ƙara sati biyu.”

Na ce mata ni na san jira, na koye shi a inda ba ta taɓa zuwa ba, abin da ya ajiye mu shi zai ɗauke mu. Ta dube ni da idon uwarta, Allah ya jiƙanta, ta ce, “Ku yi haƙuri, Baba, amma shekara hamsin jirgi yana tashi, mota tana tafiya, ku ne ma direban.” Raina ya ɓaci, na daka mata tsawa, na shige ɗaki na rufe ƙofa. Ɗakin taku huɗu ne, babu inda mutum zai kai fushinsa. Na zauna a bakin gado na ga gaskiyarta ƙiri-ƙiri. Haƙurin da Yaya ya koya mini a laka shi na mayar mafaka, ina ɓuya a bayansa ina kiransa ladabi. Tsoro nake ji, tsoron idon 'ya'yansa, waɗanda suke durƙusa mini suna ce mini Baba Alhaji.

Kwana biyu na yi ina jan ƙafa. A na uku, bayan la'asar, ana ruwa, na fito na sa babbar rigata, na ce ta kira. Surukina ya ga haka ya miƙe zai ba mu wuri, na ce ya zauna, shi ma ya ji. Babban ɗan Yaya ne ya ɗauka, na ce ya tara ƙannensa da matan gidan. Aka jingina wayar a jikin filas a kan tebur. Na cire hulata, na sauka daga kujera na durƙusa a kan tayil, gwiwoyina suna ƙara. Ga Yaya a kan tabarma an tokare shi da matashi, ya rame har na so in kasa gane shi. Na faɗa duka, tun daga dariyar da na yi wa igiyar masunta har zuwa zauren Baba. Na ce, “Ni na ɗaure jirgin. Ku ji da kyau, ubanku bai taɓa kai jirgi laka ba. Yaya, ka yafe mini.”

Sai na ji wani sauti kamar tari, ashe Yaya ne yake dariya. Ya ce, “Kai dai ba ka da ta ido. Shekara hamsin ina kan sarautata, sai yanzu za ka zo ka tuɓe ni?” Aka ba shi ruwa ya kurɓa. Ya ce, “Na yafe maka tun kafin ruwan ya dawo. Da Baba ya san kai ne, da dukan da zai yi maka sai ka bar gari, ka san halinka. Ni kuma ƙane ɗaya gare ni.” Ya matso da fuskarsa kusa da wayar har ba na ganin komai sai idonsa, ya ce, “Tashi daga ƙasa, gwiwarka ba ta da kyau. Ruwan naku ya fara hawa kuwa?” Na ce tukuna. Ya ce, “To, zai hau.”

Bai jira shi ba. Ranar Juma'ar da ta biyo aka bugo, muna cin abincin rana. Ban wanke shi ba, ban ɗauki makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ba. Na yi masa salla a falo, surukina a gefena, kuma abin yana cina har yanzu, ba zan ɓoye ba. Ɗaliban nan 'yan gida suka yi ta kira suna ta'aziyya, wani ya aiko da tuwo daga unguwar Chow Kit aka rataye mana a ƙofa. Bayan kwana uku babban ɗansa ya kira ya ce akwai saƙo. Ya ce kafin Yaya ya rasu ya sa an zaro wani tsohon reshe daga rufin ɗakinsa, duk jikinsa tsaga, ya ce a ajiye wa Alhaji. Sun sha ganinsa tun suna yara, ba su san na mene ne ba. Na ce ya nannaɗe mini shi a tsumma, kada yara su yi wasa da shi.

Har yau ina nan hawa na goma sha bakwai. An ce an fara rubuta sunayen masu son komawa gida, surukina ya sa nawa, ba a faɗi rana ba. Jiya ina bakin taga ina kallon lambatun yana janyewa, jikata 'yar shekara bakwai, wadda Hausarta ba ta wuce ta neman alawa ba, ta zo ta jingina da kujerata. Ta ji sunan yana yawo a gidan kwanakin nan. Ta ce, tana haɗawa da Turancin yaran ƙasar nan, “Kaka, Sarkin Laka ɗin, who is that lah?”

Na ce mata, “Ni ne. Je ki faɗa wa uwarki Sarkin Laka yana son shayi.”